Masu Gadin Awar Farko: Aikin Nas da Ungozoma a Ɗakin Haihuwa

Da zarar an ji kukan jariri, sai hankalin dangin da ke zaune a baranda ya kwanta. A shiga buga waya, ana barka, ana tambayar mace aka samu ko namiji. A cikin ɗakin kuwa, a lokacin ne ungozomar da ta san aikinta take ƙara ɗaure ɗamara, domin awa ɗaya zuwa biyun da ke biye da haihuwa su ne mafi hatsari ga uwa. In mahaifa ba ta tsuke ba bayan fitar mabiyiya, jini yana iya ɓallewa, kuma macen da ta shigo da ƙafarta tana iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tare shi ba. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mata kusan miliyan 14 ne ke gamuwa da zubar jini bayan haihuwa, kimanin 70,000 daga cikinsu kuma ba sa tashi. A ƙiyasin shekarar 2020, Najeriya kaɗai ta rasa mata kusan 82,000 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duk duniya, kuma zubar jini yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo shi.

Wa ke tsaye a kan mai jego a wannan awa? A yawancin asibitocinmu na gwamnati, musamman da tsakar dare, ba likita ba ne. Likita ɗaya ne ke riƙe da asibitin gaba ɗaya, wataƙila yana ɗakin tiyata, wataƙila yana wajen waɗanda suka yi hatsarin mota. Wadda ke wurin ita ce nas ko ungozoma, wadda mutane ke kira Sista ko Malama. Ta yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya ko ta ungozoma, ko shekara biyar a jami'a, ta ci jarrabawar majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, ta karɓi lasisi. Da yawansu sun haɗa karatun biyu.

Abin da mai jinya ke gani na aikinta shi ne allura da ƙarin ruwa da wankin ciwo. Amma ƙashin bayan sana'ar shi ne lura, da aunawa, da rubutawa. A duba yadda ake miƙa aiki da safe: masu aikin dare da masu karɓa su zagaya gado-gado, fayil a hannu. Wannan ta haihu ƙarfe uku, awon jininta kaza, bugun zuciyarta kaza, ta yi fitsari, jaririn ya kama nono. Waccan jininta ya hau da asuba, an yi mata allura, a sake aunawa bayan rabin awa. Wanda bai sani ba zai ɗauka cika takarda ce kawai, alhali lamba ɗaya da aka manta ba a faɗa ba a wannan zagaye tana iya zama sanadin rasa rai kafin azahar. Tun asali ma haka sana'ar ta taso. Florence Nightingale, wadda ta je asibitin sojojin Ingila a Sukutari a 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, ba jinya kaɗai ta yi ba. Ta tattara alƙaluman mamata, ta nuna wa hukuma cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke haifarwa sun fi raunin yaƙi kashe sojoji.

Duk da haka, shekara da shekaru, abu mafi muhimmanci a ɗakin haihuwa da ido ake ƙiyasta shi. Ƙa'ida ta ce in jinin da mace ta zubar ya kai mililita 500, kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya, to an shiga hatsari. Amma ta yaya za a gane ya kai? Wani ya jiƙa zani, wani ya bi katifa, wani ya zuba a ƙasa ya gauraya da ruwan haihuwa. Ko ungozomar da ta shekara ashirin tana aiki, idonta yakan rage lissafi, ta ce bai kai ba alhali ya wuce. Mace mai ciki kuma jikinta yana da juriya. Awon jininta ba ya faɗuwa da wuri, sai ta zubar da mai yawa sannan ta ce, "Sista, jiri nake ji." Kafin nan an yi asarar lokaci. Ko bayan an gane ɗin, tsohon tsari shi ne a gwada magani ɗaya a jira, in bai yi ba a gwada na biyu, in abin ya ci tura a aika neman likita. Ga mata da yawa a ƙasarmu da ƙarancin jini tun kafin naƙuda, ga wahalar samun jinin ƙari. Irin wannan jira ba su da ƙarfin ɗaukarsa.

Wannan giɓi ne wani babban bincike mai suna E-MOTIVE ya nufi toshewa. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka jagorance shi, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. A ɓangaren Najeriya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ce ta ja ragamarsa. Likitoci da masana ne suka tsara shi, wannan gaskiya ne. Amma hannun da ya aiwatar da shi dare da rana a bakin gado, mafi yawa hannun ungozomomi ne, kuma an tsara komai ne yadda ungozoma za ta iya yinsa da kanta.

Kayan aikin ba wata na'ura ba ce mai tsada. Leda ce da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙugun mace da zarar jariri ya fito, ƙarshenta kuma wata jaka ce mai tsini da ke rataye a bakin gado, an zana mata layukan awo. Duk jinin da ya fito cikinta yake gangarawa. Kowane minti goma sha biyar a awar farko ungozoma za ta dawo ta duba layin, ta auna bugun zuciya da awon jini, ta ce, "Sannu Hajiya, bari in taɓa cikin," ta ɗora tafin hannu ƙasan cibiya. In mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, madalla. In ta ji ta saki ta yi laushi, to da magana. Idan jinin ya kai layin 500, ko ya kai 300 tare da wata alamar da ba ta gamsu da ita ba, ba sauran jira. Ta kira abokiyar aikinta, su yi komai a lokaci guda: a murza mahaifa, a ba da allurar oksitosin mai sa ta tsuke, a ba da maganin taranezamik mai hana daskararren jini narkewa, a sa ruwa a jijiya, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. In duk da haka jinin bai tsaya ba, sai a ɗaga maganar zuwa ga likita da ɗakin tiyata. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin jerin. Shi kansa taranezamik, tun a 2017 wani bincike a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, ya nuna cewa in an ba da shi cikin awa uku da haihuwa yana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya sauya shi ne lokacin da ake ganewa, da kuma daina bin magungunan ɗaya bayan ɗaya.

A watan Mayu na 2023 aka fitar da sakamako. A asibitocin da suka ci gaba da tsohon tsari, kusan rabin matan da suka zubar da jini fiye da kima ne kawai aka gano. A inda aka bi sabon tsari an gano kashi 93 cikin ɗari. Da aka haɗa zubar jini mai tsanani, wato lita ɗaya ko fiye, da buɗe ciki saboda jini, da mutuwa ta dalilinsa, sai aka samu kashi 4.3 cikin ɗari a tsohon tsari, kashi 1.6 a sabon. Ragin ya kai kashi 60 cikin ɗari. Kafin ƙarshen shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da auna jini da kuma haɗa magungunan lokaci guda cikin shawarwarinta ga ƙasashe.

Ni a ganina, wanda ya tsaya a kan ledar bai fahimci abin da ya faru ba. Bayan ledar, an tanadi keken tura kaya ko akwati na musamman da duk abin da ake buƙata a ciki, aka ɗora wa wani alhakin cika shi, don kada jini yana zuba a rubuta wa miji takarda ya fita neman kemis da ƙarfe biyun dare. An riƙa yin atisaye a cikin asibitin da 'yar tsanar koyarwa, ana maimaitawa har hannu ya saba. A kowane asibiti an zaɓi ma'aikatan da za su tsaya kai da fata a kan tsarin. Kuma duk wata ana dawo wa ma'aikata da alƙalumansu: mata nawa suka haihu, nawa suka zubar da jini, nawa aka gano, nawa aka yi wa cikakken magani. Wannan shi ne inganta aiki a hannun masu aikin. Su ga lambarsu da idonsu, su zauna su tambayi kansu abin da ya sa aikin dare ya fi na rana samun giɓi, su gyara, wata mai zuwa su sake dubawa. Sama da duka, an sakar wa ungozoma mara ta fara magani da kanta, ba sai ta jira sa hannun wani ba.

Wannan izini ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a nan kaɗai aka ga amfaninsa ba. A jihar Mishigan ta Amurka, ɗakunan kulawa ta musamman fiye da ɗari sun ɗauki wani gajeren jerin ƙa'idoji na sa bututu a babbar jijiya: wanke hannu, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, rufe jikin maras lafiya, da cire bututun in ba a buƙatarsa. Duk likita ya san waɗannan. Sabon abu shi ne an ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki, hukumar asibiti kuma ta tsaya mata. Rahoton da aka buga a 2006 ya nuna cutar da ke shiga jini ta wannan hanya ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Asibitin da ƙaramar nas ke tsoron buɗe baki a gaban babban likita, masu kwanciya a cikinsa ne ke biyan kuɗin tsoron.

Sai dai tsari ba ya tafiya ba mutane. Ba yadda za a yi ungozoma ɗaya da ke kula da mata biyar masu naƙuda ta koma kan mai jego kowane minti goma sha biyar. Wani bincike da Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya a 2002 ya gano cewa duk maras lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta, yiwuwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana talatin tana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Wannan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan. A Najeriya kuwa, a farkon 2024 magatakardan majalisar aikin jinya ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ba na ganin laifin wadda ta tafi neman inda za a biya ta haƙƙinta, amma waɗanda suka tsaya nauyin ya ninku a kansu. Ga kuma batun magani: oksitosin sai an ajiye shi a firji, zafi yana rage masa ƙarfi. A gari kamar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, allurar da ta kwana a kan kanta tana iya cin amanar ungozomar da ta yi komai daidai.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan 'yan sana'ar da kansu, kuma ɓoye shi ba gata ba ne. Mata da yawa suna ƙin haihuwa a asibiti saboda tsawa da wulaƙancin da suka gani ko aka ba su labari. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma ko mace ɗaya cikin biyar ba ta haihuwa a asibiti. Dalilan suna da yawa, akwai nisa, akwai kuɗi, akwai jiran izinin maigida, amma halin da ake tarar da ma'aikata yana ciki. Gajiya tana sa faɗa, na yarda, sai dai macen da aka daka wa tsawa a haihuwar fari da wuya ta dawo a ta biyu, kuma ledar awo ba ta da amfani ga wadda ta haihu a ɗakinta. Shugabar ɗakin haihuwa da ke ƙirga jinin da aka zubar ya kamata ta riƙa tambayar masu jego yadda aka yi da su kafin a sallame su, ta rubuta, ta kawo wa ma'aikatanta a zaman wata tare da sauran alƙaluman.

Kirana ga kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitoci shi ne su sa ledar awo da waɗannan magunguna cikin kayan da ba a yarda su yanke ba, su tanadi firji mai aiki da hasken rana, su ɗauki ungozomomi aiki su biya su a kan lokaci, sannan su rubuta a fili cewa ungozoma tana da ikon fara wannan magani da kanta. Kai kuma maigida, in ka kai iyalinka haihuwa, kada ka matsa a sallame ta don kawai jariri ya fito lafiya. Ka bari ta cika awa ashirin da huɗu a ƙarƙashin kulawa, ka zo da wanda zai iya ba da jini, in kuma Sista ta ce a ba ta wuri ta duba mai jego, a ba ta.