Kafin A Saki Mace Don Rashin Haihuwa, A Duba Namiji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata magana da aka kawo mana daga Kalambaina. Wani magidanci ya saki mata biyu a kan ba su haihu ba, kowacce kuwa da ta yi wani aure sai ga ta da goyo. Yanzu yana neman fatawa a kan ta uku. Muka tambaye shi ko likita ya taɓa auna shi, ya ce shi lafiya lau yake, bai taɓa gaza wa iyali ba. To, a nan kuskuren yake, domin ƙarfin namiji daban, ingancin irinsa daban.

Ku sani, 'yan'uwa, a kan kowace ƙwayar maniyyi ta ɗan Adam akwai zaren gado da masana ke kira DNA, wanda ke ɗauke da kamannin uba. In da za a miƙe shi, zai kai kusan mita 1, alhali kuwa kan ƙwayar ko ido ba ya ganinsa. Yaya aka cusa shi ciki? A sauran ƙwayoyin jiki, zaren yana naɗe ne a kan wani furotin mai suna histon. Amma sa'ad da maniyyi ke nuna a cikin maraina, sai a zare mafi yawan histon, a sauya shi da wani ƙarami mai suna furotamin. Zaren gado mai tsami ne, shi kuwa furotamin ɗabi'arsa irin ta kanwa ce, saboda haka yakan kama zaren ya dunƙule shi tam. Wani masani, Friedrich Miescher, shi ya fara gano shi a 1874 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a cikin maniyyin kifi.

Mutanen Kalambaina, inda ake yin siminti tun 1967, sun fi kowa sanin misalin wannan. Komai kyan siminti, in buhu ya yage, laima ta shiga, ba zai isa wurin magini da amfani ba. Haka zaren gado yake: tafiya ce a gabansa har ya riski ƙwan mace, in ƙunshin bai yi kyau ba sai ya tsattsinke a hanya. In kuwa ya isa lafiya, ƙwan ne ke kwance ƙunshin, ya mayar da histon, halitta ta fara da izinin Allah.

Bijimi iri ɗaya na furotamin ke cikin maniyyinsa, ɗan Adam kuwa iri biyu, kusan daidai wa daida. Likitoci sun lura cewa idan ɗaya ya rinjayi ɗaya ƙwarai, sau da yawa ciki ba ya shiga, ko ya shiga ya zube, ko da maniyyin na da yawa. Sun kuma tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, namiji na da hannu a matsalar.

Ba mu ce kowace matsala tana da magani ba, amma akwai abin kiyayewa. Maraina sun fi son sanyi kaɗan a kan sauran jiki, shi ya sa zazzaɓi mai zafi, da dogon zama a wuri mai zafi irin na direbobin manyan motoci, da shan taba, ke rage ingancin iri. Kuma sabon maniyyi yakan ɗauki wajen kwana 74 kafin ya kammala, watau wanda ya gyara halinsa yau sai ya yi haƙurin wata uku kafin ya sake awo.

Aya ta 50 ta Suratush Shura ta ambaci rashin haihuwa ba tare da ta keɓe mace ba. Ashe ke nan ɗora wa mace laifi babu hujja zalunci ne, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Mun shawarci mutumin nan ya riƙe matarsa, su tafi tare Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan Sakkwato, a fara auna shi. Wannan shawara muke ba duk wanda ke cikin hali irin nasa.

Allah Ya ba marasa haihuwa zuriya ɗayyiba, Ya kare mu daga cutar da waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.