Gwamnan Da Ya Yi Mulki Ba Kwamishina

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan tireda daga Barnawa a Kaduna, ya ce sun yi gardama a rumfarsa, wai da gaske ne an taɓa yin gwamna a Kaduna wanda bai da majalisar kwamishinoni? Yaya aka yi haka?

AMSA: To malam, gaskiya ne. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ke nan, na jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, wanda ya hau mulki ran 1 ga Oktoba, 1979. Lokacin har Katsina tana cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 aka raba su.

Ka san gwamna ba ya naɗa kwamishina da ikonsa shi kaɗai. Tsarin mulkin 1979 ya ce sai ya aika sunaye majalisar dokoki ta amince. To ga inda gizo ke saƙa: jama'a sun ba Balarabe gwamna ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, amma a majalisa mai kujeru 99, NPN ce ke da 64, PRP kuwa 16 kacal. Ko an haɗa da na GNPP da NPP da UPN, ba su kamo ta ba. Duk sanda ya aika sunaye sai majalisa ta yi watsi da su. Haka ya yi ta tafiyar da ma'aikatu da manyan sakatarori.

A waje kuwa yana da abokai. Yana cikin gwamnoni tara masu ra'ayin kawo sauyi: biyar na UPN, biyu na GNPP, biyu na PRP. Wannan ƙawance ma shi ya taimaka wajen raba PRP gida biyu, Santsi da Taɓo. Amma gwamnan wata jiha ba ya jefa ƙuri'a a majalisar Kaduna. Ran 23 ga Yuni, 1981, majalisa ta tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Dubi Kano. Abubakar Rimi shi ma ɗan PRP ne, su biyun suka soke haraji da jangali, amma shi jam'iyyarsa ke da rinjaye a majalisa, don haka ya naɗa kwamishinoninsa ba wahala.

Saboda haka jama'a, ran zaɓe kada ku dubi gwamna kaɗai. Ku san wanda kuke turawa majalisa, domin shi zai tantance wanda zai riƙe ma'aikatar gona da ta ciniki, watau maganar takinku da kasuwarku. Allah ya sa mu dace.