Shara Iri Biyu

Farin Dutse gari ne a ƙasar Gwaram, maƙwabciyar Birnin Kudu, can kudancin Jihar Jigawa. Yawancin mutanen wannan ƙasa manoma ne. Suna noma dawa da gero da gyaɗa da wake, suna kuma kiwon awaki da tumaki da shanu. Tun zamanin kakanni suna da wata hikima wadda ta kamata kowane yaro ya sani, watau abin da ya fito daga gona ba a yar da shi, sai an ci moriyarsa duka, sa'an nan ragowar ta koma gona.

Ku dubi dawa. In an girbe ta, a kan kai zangarniya rumbu, kara kuwa a tara shi. Da kara a ke yin darni, da shi a ke hura wuta. In ya ƙone, mata su kan tace tokarsa su sa a miya, ko su haɗa da mai su yi sabulun salo. Ran da aka sussuka dawa aka surfa, dusa ta zama abincin awaki da kaji. Ko ruwan da aka wanke surfe da shi, wanda a ke kira tsari, ba a zubarwa, dabbobi a ke ba su sha. Haka kuma gyaɗa. A matse ta a sami mai, a soya tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, harawarta kuwa a ɗaure a ɗora bisa rumfa, domin dabbobi su ci da rani sa'ad da ciyawa ta ƙare.

Abincin da aka dafa ma haka ne. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe. Ƙanzon da ya kama gindin tukunya a kan kankare shi a shanya, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo. Ƙwarya in ta tsage, a kai wa gyartai ya ɗinke. Riga in ta tsufa a yi mata maho, in ta ƙare sarai ta zama tsumma.

To, abin da ya saura bayan wannan duka, kamar su ƙaiƙayi da ɓawo da toka da kashin dabbobi, shi a ke sharewa a zuba a juji. Can zai yi ta ruɓewa har ya zama taki. In bazara ta yi, sai a ɗebe shi a mangala, jaki ko amalanke ya kai gona. Ƙasa ta ci, ta yi ƙarfi, ta ba da wata dawar. Manoman da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe da shahara a kan wannan. Dā jakunansu kan shiga birni da itace, su fito da taki, don haka su ke noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba.

Amma yanzu wata baƙuwa ta shigo gida, ita ce leda. Dā in za a kasuwa sai a ɗauki kwando ko ƙwarya, mai sayarwa kuma ya ƙunsa kaya a ganye ko a takarda. Yau kuwa ko gishirin miya aka saya sai an ƙulla shi a leda. Ga kuma ledar ruwan sha, wadda ta bazu a Nijeriya tun wajen shekarun 1990, ga robobin lemo. Daga man fetur a ke yin waɗannan abubuwa. Ba daga gona su ka fito ba, saboda haka gona ba ta karɓarsu. Ɓawon rogo kan ruɓe cikin 'yan makonni, amma leda sai ta yi shekaru da yawa a ƙasa, tana yayyagewa kawai, ba ta zama taki.

Ɓarnar leda babba ce. Akuya ba ta san bambancin ganye da ledar da ke ƙanshin mai ko gishiri ba, sai ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, sai ta taru a tumbi ta dunƙule. Akuyar ta yi ta ramewa ko da ana ba ta dusa, wani lokaci har ta mutu. Mahauta sun sha fiɗa dabba su tarar da curin leda a cikinta. Ga talaka kuwa akuya ita ce asusu, ita a kan sayar a sayi magani ko littafin makaranta.

Ban da wannan, in leda ta shiga juji ta bi taki zuwa gona, ta kan tare saiwar shuka, ta hana ruwa ratsa ƙasa yadda ya kamata. In kuma ta faɗa magudana sai ta toshe ta. Da damina ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a gindin katanga har ya kayar da ita. A ruwan da ya kwanta sauro ke yin ƙwai, cikin kamar kwana 10 sun zama manya, su kawo zazzaɓi. Ƙona ta ma ba magani ba ne, gama hayaƙinta yana da guba, yana cutar da huhu. Don haka bai kyautu a hura wutar girki da leda ba.

Wannan damuwa ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A 2002 ƙasar Bangaladash ta hana amfani da leda maras kauri, domin an ga tana toshe magudanai lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya kuma a 2017. Amma ba sai an jira doka ba, kowane gida yana iya fara gyara, yara ma suna da nasu aikin.

Da fari, a rage shigo da leda. Yaron da aka aika sayen manja ya tafi da kwalba, wanda aka aika sayen koko ko ƙosai ya tafi da kwano mai murfi. Mai zuwa makaranta ya ɗura ruwa mai tsabta a gora tun daga gida. Ku lissafa ku gani: in gida ɗaya ya rage leda 3 kowace rana, a shekara ya rage fiye da 1,000.

Na biyu, a raba shara kashi biyu, mai ruɓewa dabam, maras ruɓewa dabam. Mai ruɓewa a haƙa mata rami nesa da rijiya. A zuba shara, a bi ta da kashin dabbobi da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa kaɗan don ƙuda. A riƙa juya ta lokaci lokaci. Bayan wata 3 ko 4 za a ga ta yi baƙi ta yi laushi, ba wari, ta zama taki mai kyau. Maras ruɓewa kuwa a rataye mata buhu inda akuya ba ta kai. Gwangwani da tsohon ƙarfe da fasasshiyar roba 'yan gwangwan suna saye, su kai inda a ke narkarwa a ƙera sabon abu. Fasasshiyar kwalba da mataccen batir a kawar da su daga inda ƙananan yara ke wasa, kada kuma su shiga ramin taki.

Na uku, kada a yi almubazzaranci. Kowa ya ɗebi abincin da zai iya cinyewa. Ruwan da aka wanke kwanuka ko shinkafa a zuba wa zogale ko gwanda a bayan ɗaki. Littafin rubutu a cika shi gaba da baya kafin a nemi sabo.

Waɗannan abubuwa ƙanana ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Gidan da ya riƙe su zai kasance da tsabta, dabbobinsa su yi ƙiba, gonarsa kuma ta yi albarka.

Tambayoyi

1. Faɗi amfani 4 da a ke samu daga dawa ban da tuwo.
2. Don me leda ba ta zama taki?
3. Me kan sami akuyar da ta ci leda?
4. Bayyana yadda a ke yin ramin taki.