GOBARA BA TA SALLAMA

Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida. Daga Janbako zuwa Maradun, Bakura da Talata Mafara, rumbuna sun cika da gero da dawa, an jingina kara a jikin danga, an ɗora harawa a kan rumfa. To, amma a lokacin nan ne iskar hunturu take busar da kome ƙayau, tun daga Nuwamba har Fabrairu. Abin da iyali suka yi damina guda suna wahala a kansa, wuta tana iya lashe shi kafin a gama tuƙa tuwo.

Ba tatsuniya muke yi ba. A farkon Fabrairu 2025, gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, nan Jihar Zamfara, yara 17 suka rasu. Rahoton farko ya ce ta kama ne daga tarin kara da aka ajiye kusa da makarantar. A Nuwamba 2021 kuma, azuzuwan zana suka ƙone a Maraɗi ta ƙasar Nijar, yara fiye da 20 suka halaka. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016, dubban shaguna suka zama toka, ga shi kuwa a birni ne, inda 'yan kwana-kwana suke. Ina ga ƙauye, inda motarsu sai ta yi doguwar tafiya? Saboda haka, masu karatu, mu ne 'yan kwana-kwanan gidajenmu.

Duwatsun Murhu Uku

Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Haka wuta take: sai da abin da za ta ci, da iska, da zafi. A janye ɗaya, ta mutu. Shi ya sa yashi yake kashe ta, don yana hana ta iska. Ruwa yana ɗauke zafi. Share fili kuwa yana hana ta abinci.

Inda Takan Fara

Murhu. Uwargida ta sauke tuwo, ta bar garwashi a ƙarƙashin toka. Da tsakar dare iska ta hura shi, tartsatsi ya hau zana. A yayyafa wa murhu ruwa kafin a kwanta, kada kuma a zubar da toka mai zafi a gindin danga.

Jin ɗumi. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki hatsari biyu ne. Yana kama katifa ko bargo, yana kuma fid da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum yakan yi barci ne kawai, ba ya farka ba. Hayaƙin janareta ma haka yake, don haka wurinsa waje, nesa da taga.

Fitila. Aci-bal-bal, kyandir da maganin sauro na kunnawa ba su shiri da gidan sauro ko labule. A ɗora su a kan faranti na ƙarfe a ƙasa, a kashe fitila kafin barci. Ashana kuma a sa ta inda hannun yaro ba ya kai.

Fetur. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta sa noman rani ya kafu a wannan yanki. Yau manoma da yawa suna da injin ban ruwa da babur, jarkar mai kuma tana kwana a ɗaki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya rarrafa har ya iske murhu ko fitila, sai wuta ta biyo shi zuwa jarka. A ajiye mai a rufe, a inuwa, nesa da ɗakin kwana da madafa. Kada a zuba wa injin mai yana aiki ko yana da zafi. Kada a ƙara kananzir a risho yana ci.

Lantarki da gas. An ɗauke wuta, an manta dutsen guga ko abin dafa ruwa a kunne, an fita. Aka dawo da wuta, ba kowa. Idan an ɗauke wuta, a kashe kome. Tsohuwar waya da haɗin da ba gwani ya yi ba, a kira mai gyara. In an ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga.

Ƙunar daji. Yara masu farautar gafiya sukan cinna wa ciyawa wuta, iska ta kai ta gari. A share fili kewaye da rumbu da bayan gida, a raba tarin kara da ɗakin kwana.

Idan Ta Kama Fa?

Na fari, a yi kururuwa, a fid da mutane, a ƙidaya yara. Wanda ya fito kada ya koma don kuɗi ko akwati. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma sama yake tashi, don haka a fita da rarrafe.

Na biyu, a san irin wutar. Ta kara da zana, ruwa da yashi. Ta fetur ko man suya, ban da ruwa, gama mai yakan hau kan ruwa ya yaɗu. A rufe tukunya da murfi, ko a zuba yashi. Ta lantarki, a yanke wuta tukuna. Idan jinka ta kama, maza su jiƙa na maƙwabta, su ture dangar da ke tsakani.

Na uku, wanda tufarsa ta kama kada ya gudu, gudu hura ta yake yi. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. A yi ta zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. Ban da ƙwai, manja ko man goge baki. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti.

Aikin Wannan Mako

Maigida da uwargida su zaga gida tare da yara, su duba murhu, jarka, waya da tarin kara. A ajiye bokitin yashi da randa cike da ruwa kusa da madafa. Kada a kulle yara a ɗaki a tafi kasuwa. Dattawa kuma su duba majami'a da makaranta: ƙofa nawa ce, tana buɗewa ta waje?

Iyayen yaran Ƙauran Namoda da na Maraɗi maƙwabtanmu ne, baƙin cikinsu namu ne. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu shafa tun yau, kafin iskar dare ta taso.