Daga 17.1 zuwa 17.2 a mako guda: yadda PostgreSQL ke fitar da sigar gyaran kura-kurai

Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, masu kula da manhajar PostgreSQL suka fitar da siga ta 17.1, tare da gyare-gyaren tsofaffin sigogi biyar: 16.5, 15.9, 14.14, 13.17 da 12.21. Kwana bakwai bayan haka, ranar 21 ga wata, sai ga wani zubin: 17.2, 16.6, 15.10, 14.15, 13.18 da 12.22. Manhajar da ta saba fitar da gyara sau ɗaya duk wata uku ta yi sau biyu cikin mako guda, saboda gyaran farko ya zo da tasa matsalar. Abin da ya faru a wannan makon ya nuna irin alƙawarin da sigar gyara ke ɗauke da shi, da kuma wahalar cika shi.

Mece ce PostgreSQL?

PostgreSQL manhaja ce ta rumbun bayanai, wato wadda ke adana bayanai cikin jadawali, tana kuma fito da su idan an nema. Sunayen abokan ciniki, lissafin kuɗi, rajistar ɗalibai, kayan da suka rage a sito, duk irin abubuwan da ake zubawa a cikinta ke nan. Mai amfani da waya ba ya ganinta, domin tana can kan sabar tana aiki a bayan fage.

Asalinta wani aikin bincike ne mai suna POSTGRES da Farfesa Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, daga 1986. A 1996 ta koma amsa sunan PostgreSQL. Rubutun manhajar a buɗe yake: kowa na iya saukewa, ya karanta, ya yi amfani da shi kyauta. Ba mallakar kamfani ɗaya ba ce. Wata ƙungiya mai suna PostgreSQL Global Development Group, wadda ta haɗa injiniyoyin kamfanoni daban-daban da 'yan sa kai, ita ke tafiyar da ita.

Ma'anar lambobin biyu

Tun daga siga ta 10, wadda ta fito a 2017, lambar PostgreSQL kashi biyu ce. Ta farko tana nuna babbar siga, ta biyu kuma tana nuna adadin gyaran da aka yi mata. Saboda haka 17.2 na nufin gyara na biyu a kan babbar siga ta 17.

Babbar siga tana fitowa sau ɗaya a shekara, kuma ita ce ke kawo sabbin abubuwa. Siga ta 17, alal misali, ta fito ranar 26 ga Satumba, 2024. Komawa daga wata babbar siga zuwa wata aiki ne da ke buƙatar shiri, domin yadda ake jera bayanai a cikin rumbun yana iya canzawa. Sai an kwashe bayanan an sake zuba su, ko kuma an yi amfani da wata manhaja mai suna pg_upgrade.

Sigar gyara ba haka take ba. Ƙa'idarta ita ce kada a saka sabon abu, kada kuma a taɓa tsarin ajiyar bayanai. Kura-kurai, da kofofin da ɓata-gari za su iya bi, da matsalolin da ke lalata bayanai, su kaɗai ake gyarawa. Shi ya sa ɗora ta ke da sauƙi: a tsayar da sabar, a sauya fayilolin manhajar, a sake kunnawa. Wannan shi ne alƙawarin: duk abin da ke aiki jiya zai ci gaba da aiki yau, in ban da kuskuren da aka cire.

Kowace babbar siga tana samun gyara na tsawon shekara biyar. Siga ta 12 ta fito a Oktoban 2019, kuma 12.22 ita ce gyaranta na ƙarshe. Duk wanda ke kan ta har yanzu, babu wani gyaran tsaro da zai sake zo masa daga ƙungiyar.

Yadda ake haɗa sigar gyara

Ranakun fitarwa sanannu ne tun da wuri: Alhamis ta biyu a watannin Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba. Wannan yana bai wa masu kula da sabar damar tsara lokacin da za su tsayar da aiki ba tare da an yi musu ba-zata ba.

Aikin kansa yana tafiya ne a tsawon watanni ukun. Idan aka gano kuskure, a kan fara gyara shi a babban reshen rubutun manhajar, inda ake gina siga mai zuwa. Daga nan sai a duba ko kuskuren yana cikin tsofaffin sigogin da ake kula da su. Idan yana ciki, sai a kai gyaran kowane reshe ɗaya bayan ɗaya. Ba kullum ake kwafa shi yadda yake ba, domin rubutun siga ta 13 ya sha bamban da na 17 a wurare da yawa. Wani lokaci gyara ɗaya sai an sake masa fasali sau uku ko huɗu.

Kowane canji da ya shiga, akwai tarin kwamfutoci na masu sa kai da ke ɗaukarsa su gina manhajar su gwada ta a kan nau'o'in na'ura da tsarin aiki daban-daban, irin su Linux, Windows, macOS da FreeBSD. Idan wani abu ya karye a ɗaya daga cikinsu, a kan gani cikin sa'o'i.

Gyaran tsaro yana da tasa hanyar. A ɓoye ake shirya shi, kuma ba a saka shi cikin rubutun da kowa ke gani sai ranar Litinin ta makon fitarwa, domin wanda ya karanta gyaran zai iya gane inda kofar take. A wannan Litinin ɗin ne ake naɗe sigar, a miƙa ta ga masu shirya ta don Debian, Ubuntu, Red Hat, Windows da sauransu. Kwanakin da ke tsakani nasu ne, su gina su gwada. Ranar Alhamis sai a yi sanarwa, tare da takardar bayani da ke jera kowane gyara.

Abin da ya faru a Nuwamban 2024

Sigogin 14 ga Nuwamba sun toshe kofofin tsaro huɗu. Mafi haɗari a cikinsu, mai lamba CVE-2024-10979, ta shafi PL/Perl, wato sashen da ke ba da damar rubuta umarni da harshen Perl a cikin rumbun. Ta wannan kofar, mai amfani marar babban izini zai iya canza wasu saituna na sabar har ya kai ga gudanar da umarnin da bai kamata ya iya ba. Don haka akwai dalili mai ƙarfi na gaggauta ɗora gyaran.

Sai dai matsaloli biyu sun biyo gyaran. Ta farko ta shafi manhajojin ƙari, waɗanda ake jonawa da PostgreSQL don su ƙara mata aiki. Misali shi ne TimescaleDB, wadda ake amfani da ita wajen adana bayanan da ke shigowa bi da bi, kamar na na'urorin awo. Irin waɗannan manhajoji ba daga waje suke magana da PostgreSQL ba. A cikinta suke zama, suna karanta ma'adanar aikinta kai tsaye, kuma tun lokacin da aka gina su suka haddace girman kowane tsari da za su taɓa.

Wani gyara a 17.1 ya ƙara ɗan gurbi ɗaya a ƙarshen wani tsarin bayanai na ciki mai suna ResultRelInfo. A mafi yawan lokuta ƙari a ƙarshe ba ya cutarwa, tunda abin da ke gaba bai gusa ba. Amma shi wannan tsari a jere ake ajiye shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar shagunan kasuwa masu faɗi iri ɗaya. Wanda ya san kowane shago taku goma ne, idan yana neman shago na uku sai ya ƙirga taku ashirin ya tsaya a bakin ƙofa. Idan aka faɗaɗa kowane shago da taku ɗaya ba a gaya masa ba, ƙirgensa zai ajiye shi a jikin bangon shago na biyu. Haka manhajojin ƙarin da aka gina kafin 17.1 suka riƙa karanta wurin da ba shi ba, abin da kan iya sa sabar ta faɗi.

Maganin da aka yi a 17.2 shi ne mayar da tsarin girmansa na da. Kwamfuta kan bar 'yan giɓi tsakanin guraben irin wannan tsari don su daidaita, sai aka cusa sabon gurbin a cikin ɗaya daga giɓin. Gyaran ya ci gaba da aikinsa, faɗin kowane shago kuma ya koma yadda yake. Wanda ya yi saurin sake gina manhajar ƙarinsa don ta dace da 17.1, sai da ya sake gina ta a karo na biyu.

Matsala ta biyu daga gyaran tsaro ta fito. Gyaran kofa mai lamba CVE-2024-10978 ya sa rumbun ya daina aiki da wani saiti da masu kula da shi ke yi ta umarnin ALTER ROLE ko ALTER DATABASE, wanda ke sa mai amfani ya ɗauki wani matsayi na izini da zarar ya shiga. Kamfanin da ya dogara da wannan saiti zai tarar manhajarsa ta shiga da matsayin da ba shi aka tsara ba. Shi ma an mayar da shi daidai a zubin 21 ga Nuwamba.

Ba wannan kaɗai ba ne karon da aka fita daga jadawali. A watan Fabrairun 2025, siga ta 17.3 ta fito ranar 13 ga wata don toshe kofar CVE-2025-1094, sai gyaran ya ɓata aikin wasu umarni na ɗakin karatun libpq, wanda manhajoji ke bi wajen magana da rumbun. Ranar 20 ga wata 17.4 ta biyo baya. Kafin nan, a watan Yunin 2022, an fitar da 14.4 ita kaɗai saboda an gano cewa a sigogin 14.0 zuwa 14.3, gina fihirisa yayin da rumbun ke kan aiki na iya barin wasu layuka a waje ba tare da wata alama ba.

To a jira ne ko a ɗora?

Wanda ya ga wannan tarihi zai iya cewa gara a ƙyale gyaran, kada garin neman gira a rasa ido. Matsayar ƙungiyar PostgreSQL ita ce zama kan tsohuwar siga ya fi ɗora gyara haɗari, kuma hujjar a fili take. Da zarar an sanar da kofar tsaro, masu kutse ma sun ji, kuma rubutun gyaran yana gabansu. Kuskuren da ke lalata bayanai kuwa yakan yi aikinsa a hankali, har ya shiga cikin kwafin ajiya kafin a farga. Matsalolin da sigar gyara ke jawowa sukan bayyana da wuri, kuma a misalan Nuwamba da Fabrairu mako ɗaya aka yi aka warware su.

Abin da ƙwararrun masu kula da rumbu ke yi shi ne su rage haɗarin ɓangarorin biyu. Mataki na farko shi ne karanta takardar bayanin sigar, musamman sashen farko da ke faɗin ko akwai aikin da za a yi da hannu. Sigar 14.4 misali ce: ɗora ta ya hana sabuwar ɓarna, amma bai gyara fihirisar da ta riga ta lalace ba, sai da aka sake gina ta da umarnin REINDEX. Wanda ya tsallake sigogi da yawa, sai ya karanta bayanin kowacce da ya wuce, ba ta ƙarshe kaɗai ba.

Mataki na biyu shi ne rubuta jerin manhajojin ƙarin da ke kan sabar, a duba ko masu su sun ce wani abu game da sabuwar sigar. Na uku shi ne gwadawa a kan sabar gwaji mai irin waɗannan manhajojin da irin saitin izinin da ke kan ta aiki. Da wannan gwajin, akwai kyakkyawar damar kama matsalolin Nuwamba kafin su kai ga abokan ciniki. Na huɗu shi ne tabbatar da akwai kwafin ajiya wanda aka taɓa gwada dawo da shi aka ga yana aiki.

Waɗanda rumbunsu ke hannun kamfanonin haya, irin su Amazon RDS, kamfanin ne ke ɗora gyaran a lokacin da aka ware don gyare-gyare, amma duba sigar da ake kai da karanta bayaninta yana nan a wuyan mai rumbun. Umarnin SELECT version(). Yana nuna lambar nan take. Idan lambar farko ta haura shekara biyar da fitowa, aikin da ke gaba shi ne shirin komawa babbar siga. Idan kuma ta biyun ce ke baya, sai a duba kalanda a ware lokacin ɗora gyaran kafin Alhamis ta biyu ta zagayo.