Madubin Duban Wata: A Yi Hattara Da Batir

A ranar 29 ga kowane watan Musulunci, labarin ganin jinjirin wata daga masarautu, har da ta Gwandu, Sakkwato ake kai shi, inda Mai Alfarma Sarkin Musulmi yake yanke hukunci. Amma hazo da ƙurar hunturu sukan hana ido aikinsa, kuma jinjirin dare ɗaya ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana. Wannan ne ya sa masu duban wata a ƙasashe da dama suka rungumi madubin hangen nesa mai mazauni mai inji.

Amfanin injin a fili yake. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka abin da aka saita yakan zame daga madubi cikin 'yan mintoci, sai dai in mazaunin yana binsa a hankali. To, a bayan garin Gwandu ko filayen Kalgo, inda yamma take a buɗe, babu wutar lantarki sai ta batir. A nan ne ɗaliban kimiyya, irin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta yake Kalgo, ya kamata su natsu.

Yawancin waɗannan injuna wuta mai ƙarfin bolt 12 suke ci, kuma ba kasafai suke jan fiye da amfiya 2 ko 3 ba. Batirin mota kuwa yana iya sakin ɗaruruwan amfiya nan take idan jar waya da baƙa suka haɗu, har roba ta narke, wuta ta tashi a busasshiyar ciyawa. Maganin abin shi ne fis na kimanin amfiya 5, a ɗaura shi a jar waya dab da kan batir, ba can kusa da inji ba, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. Al'adar nan ta maye gurbin fis da zaren waya lalle ganganci ce.

Haɗari na biyu ya fi saurin aukuwa, watau juya waya. A galibin injuna tsakiyar fulogi ita ce mai alamar tarawa, amma ba duka ba. A karanta takardar injin, kana a gwada da mitar masu gyaran rediyo tun da rana, gama kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙone allon injin, kayan gyaransa kuwa sai an aika ƙasar waje.

Kada a jona inji kai tsaye da faifan sola, domin yakan ba da bolt 18 ko fiye, haka nan kada a tada mota alhali inji yana jone da batirinta. Cikakken batirin dalma yana nuna bolt 12.6, in ya sauko wajen 12, rabi ya tafi, sai a dakata. Ƙaramin batir mai amfiya-awa 7 zai riƙe injin da ke jan amfiya 1 kimanin awa uku da rabi ke nan. A yi cajinsa inda iska take shiga, nesa da murhu, saboda iskar da yake fitarwa tana kama wuta, kuma kada a bar shi cikin mota a zafin bazara.

Har ila yau, jinjirin yana kusa da rana, injin kuwa yana iya ratsa ta kanta lokacin da yake juyawa. A bar murfin madubi a rufe sai rana ta faɗi sarai.