Waƙa Tana Katsewa a Wi-Fi? Binciki Gidanka Kafin Ka Kashe Kuɗi

Masu sauraron waƙa kai tsaye daga intanet suna da wani ƙorafi da ya zama ruwan dare, musamman waɗanda suka koma sauraron sauti mai cikakken inganci a Apple Music, Tidal, Qobuz ko Amazon Music. Waƙa tana tafiya lafiya, sai ta ɗauke na daƙiƙa biyu ko uku, ta dawo, can kuma ta sake ɗaukewa. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, a wannan gidan ana kallon bidiyon YouTube ba tare da matsala ba. Daga nan sai a hau zagin kamfanin sabis, ko a sayi data mai tsada, ko a garzaya kasuwa neman sabuwar rauta. Sau da yawa ba a nan gizo yake saƙa ba. Cutar takan kasance a 'yan mitocin da ke tsakanin rauta da abin da ke kunna waƙar, kuma mafi yawan magungunanta ba sa cin ko sisi.

Nawa waƙa take ci?

Waƙar MP3 da aka saba turawa a waya tana cin kilobit 128 zuwa 320 a daƙiƙa, domin an zubar da wani ɓangare na sautin don a rage nauyinta. Ingancin faifan CD, wato bit 16 a kan 44.1 kHz, yana cin kilobit 1,411. Mataki mafi girma da waɗannan kamfanoni suke bayarwa, bit 24 a kan 192 kHz, yana kaiwa kilobit 9,216, wato megabit tara da 'yan kai. Tsarin FLAC da ALAC suna matse wannan nauyi ya ragu sosai ba tare da an zubar da komai ba.

Ka ga ke nan waƙa mafi nauyi ba ta kai megabit 15 da Netflix yake nema don fim mai hoton 4K ba. Layin da ke ba da megabit 20 ya ishe ta har da ragi. Abin da take buƙata shi ne bayanai su riƙa isowa babu yankewa.

Kowace na'urar sauraro tana da ɗan wurin ajiya da take tara sautin daƙiƙoƙin da ke tafe, kamar tankin ruwan gida: famfo yana zubawa, ana ɗiba. Idan famfon ya ɗauke na ɗan lokaci, ba wanda zai sani muddin akwai ruwa a tankin. To, waƙa mai nauyi tana ɗiba da sauri, kuma wasu sifikoki tankinsu ƙarami ne, don haka ɗan tsaiko kaɗan sai ya ƙafe, sauti ya ɗauke. Shi kuwa bidiyo, da ya ji layi ya yi rauni sai ya rage kyan hotonsa da kansa ya ci gaba. Waƙar da aka ɗaure a mataki mafi girma sau da yawa ba ta da wannan mafita. Ido yakan yafe hoto ya ɗan dushe, kunne ba ya yafe shiru a tsakiyar baiti.

Gwaji uku kafin a taɓa komai

Daga rumbun kamfanin waƙa zuwa kunnenka akwai gaɓoɓi uku: layin da ya kawo intanet gidanka, Wi-Fi ɗin cikin gida, sai wayarka ko sifikarka. Dole a san wacce ce ke tsinkewa.

Na farko, ka sauke waƙar a waya, ka kashe data da Wi-Fi, ka kunna ta. Idan har yanzu tana katsewa, ka wanke intanet daga laifi. Ka duba Bluetooth, ka duba tsarin tattalin batir, domin wayoyin Android da yawa suna danne manhajar da ke aiki bayan fuskar waya ta mutu. Cire manhajar waƙar daga jerin waɗanda ake takurawa.

Na biyu, ka kai na'urar kusa da rauta, ko mafi kyau ka haɗa ta da kebul ɗin Ethernet idan tana da ramin. Idan katsewar ta tsaya, Wi-Fi ne mai laifi. Idan ta ci gaba ko da kebul, matsalar daga layin waje take, ko daga rautar kanta.

Na uku na mai kwamfuta ne. Akwai umarnin ping, wanda yake aika ɗan saƙo ya auna tsawon lokacin da amsa ta ɗauka. Ka aika zuwa adireshin rautarka, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma akan rubuta shi a jikinta. Sannan ka aika zuwa 8.8.8.8, adireshin Google. Ka bar su suna gudana yayin da waƙa ke tafiya. A Wi-Fi mai lafiya rauta takan amsa cikin 'yan milisakan. Idan lokacin da waƙa ta ɗauke amsar rauta ta ɓace ko ta yi tsalle zuwa ɗaruruwa, cutar tana cikin gida. Idan rauta tana amsawa daram, na Google ne ke ɓacewa, to daga waje ne.

Idan cutar tana cikin gida

Fara da inda aka ajiye rauta. Mutane sukan cusa ta bayan talabijin, ko cikin durowa, ko a ƙasa kusa da soket, don kada yara su taɓa. Bangon bulo da siminti, rodin da ke cikin dakin, ƙofar ƙarfe, firji, madubi da tankin ruwa duk suna shanye ƙarfin sigina ko su mayar da shi baya. A ɗaga rauta sama, a fili, a tsakiyar gida gwargwadon hali. Akwai manhajojin auna Wi-Fi na kyauta a Android da ke nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gaba. Daga -30 zuwa -60 yana da kyau. Masu aikin Wi-Fi sukan ɗauki -67 a matsayin iyaka ga sauti da bidiyo. Idan a inda sifikarka take kana ganin -75 ko -80, ka gano mai laifi.

Sai batun zango. Yawancin rautoci na yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Bluetooth a nan yake aiki. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana aiki a 2.45 GHz, don haka idan waƙa tana ɗaukewa duk lokacin da aka kunna ta a kicin, ba sai an nemi mai gyara ba. Hatta faifan ajiya mai USB 3.0 da aka soka a jikin rauta yana iya dagula wannan zango. Ga kuma rautocin maƙwabta: a gidan haya mai ɗakuna goma, kowane ɗaki da tasa. Tashoshi uku kacal ne a zangon 2.4 ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Ka duba wadda ta fi sarari a cikinsu, ka kafa rautarka a kai, ka bar faɗin tashar a 20 MHz.

Zangon 5 GHz ya fi sarari da sauri, sai dai bango biyu ko uku suna kashe shi. Idan sifika tana ɗaki ɗaya da rauta ko na kusa, mayar da ita can. Wasu rautoci suna rubuta 5G a ƙarshen sunan wannan zango, amma ba shi da alaƙa da sabis ɗin 5G na kamfanonin waya. Akwai kuma tarko guda: tashoshi daga 52 zuwa 144 ana raba su da na'urorin rada na jiragen sama da na hasashen yanayi, kuma an ƙera rauta ta bar tashar nan take idan ta ji rada. Duk lokacin da ta yi haka, haɗin yana yankewa. Wanda ke zaune kusa da filin jirgin sama ya zaɓi 36, 40, 44 ko 48.

Wasu rautoci suna haɗa zangon biyu a suna ɗaya, su riƙa jefa na'ura daga wannan zuwa wancan. Waya tana jure wannan, amma wasu sifikoki sukan rikice. Ka ba kowane zango sunansa daban, ka ɗaure sifika a guda.

Mai amfani da AirPlay ya sani cewa a yawancin lokuta waƙar tana bi ta waya ne: daga rauta zuwa waya, daga waya ta koma rauta, sannan ta tafi sifika. Idan ka fita tsakar gida da wayar a aljihu, waƙar falo za ta ɗauke. A tsarin Spotify Connect da Tidal Connect da Chromecast kuwa, sifikar ce ke ɗauko waƙar da kanta, waya tana ba da umarni ne kawai. A kowane hali, waya da sifika su kasance a kan Wi-Fi ɗaya, ba ɗaya a na baƙi ba, domin na baƙi yana hana na'urori ganin juna.

Wuta ma tana da nata hannun. Duk lokacin da aka ɗauke ta aka juya zuwa janareta, rauta tana mutuwa ta sake tashi, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo. Ƙaramin batirin ajiya na rauta, ko ɗora ta a kan inbata, yana magance wannan. Zafi kuma yana sa ta rage aiki ko ta sake kunna kanta, musamman a watannin bazara. Kada a rufe ta da ƙyalle, kada a bar ta inda rana ke dukanta.

Masu cin layin tare da kai

Wani lokaci sigina cike yake, amma wani a gidan ya toshe hanya. Abin da ya fi yin wannan shi ne turawa, kamar waya tana kwashe hotuna zuwa Google Photos, ko WhatsApp yana ajiye bayanansa, ko ana ɗora dogon bidiyo a TikTok. Saƙonni sukan yi dogon layi a cikin rauta, na waƙa su maƙale a baya. Injiniya Jim Gettys na Amurka ne ya fito da wannan matsala fili a 2010. Idan rautarka tana da saitin SQM ko QoS, kunna shi. Idan babu, a mayar da irin waɗannan ayyuka tsakar dare.

Ka kuma buɗe shafin rauta ka ƙirga na'urorin da ke kai. Kalmar sirrin da aka ba mutum ɗaya takan zagaye unguwa. Canza ta, ka sa tsaron WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS.

Idan cutar daga waje take

Gidaje da yawa a Kano, Kaduna ko Maraɗi suna samun intanet ne ta rauta mai layin waya. Irin wannan tana da haɗi biyu ta iska: ɗaya da turken kamfani, ɗaya da na'urorin gida. Wi-Fi yana iya nuna cike alhali sabis ɗin turke ya yi ƙasa. Matsar da ita kusa da taga, ka gwada tagogi daban-daban. Idan katsewar ba ta zuwa sai bayan magariba zuwa goma na dare, cunkoson jama'a ne a kan turken, kuma babu saitin da zai gyara shi. Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala. A irin wannan hali sai a sauke waƙoƙi a waya lokacin da layi ke da sarari.

Abubuwan da ya kamata a kiyaye

Na farko shi ne data. A lissafin Apple, waƙar minti uku tana cin megabait 6 a matakin da aka saba, 36 a bit 24 kan 48 kHz, sannan 145 a mataki mafi girma. Wato a mataki mafi girma, awa ɗaya tana lashe kusan giga uku. Wanda ke sayen data da awo ya duba saitinsa tun kafin ta ƙare bai san dalili ba.

Na biyu, Bluetooth ba ya iya ɗaukar wannan inganci. Tsarin SBC da yawancin iyafis ke amfani da shi yana tsayawa a wajen kilobit 328, LDAC na Sony kuma iyakarsa 990. Mai sauraro ta Bluetooth yana biyan kuɗin datar da ba ta isa kunnensa. Ko da kebul aka haɗa, kunnen ɗan Adam ba ya wuce 20 kHz, kuma ingancin CD ya riga ya rufe wannan iyaka. Haka nan tsohuwar waƙar da aka kwafo daga kaset ba za ta ƙara kyau don an zuba ta a babban fayil ba. Saboda haka sauko da saiti zuwa ingancin CD ba asara ba ce, kuma sau da yawa shi kaɗai yake kawo ƙarshen katsewar.

Na uku, a yi hattara da na'urar ƙara zango da ake sokawa a soket. Mai rediyo ɗaya tana karɓa tana sake watsawa a tasha guda, don haka takan raba sauri kusan biyu, kuma idan aka sa ta inda sigina ya riga ya mutu, raunin kawai za ta maimaita. Kebul ɗin Cat5e yana kai gigabit ɗaya har nisan mita 100, kuma ya fi ta araha da aminci. Duk na'urar da ba ta motsi daga wurinta, a ja mata kebul.

Na huɗu, kada a danna maɓallin da ke mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani sai an rubuta saitinta a takarda, kada garin neman gira a rasa ido. Kashewa da kunnawa ya isa a matakin farko, sai kuma sabunta manhajar rautar da ta sifika daga shafin kamfanin da ya ƙera su.

Mai karatu, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ka saurara na kwana ɗaya ko biyu kafin ka taɓa na gaba, domin idan ka juya komai a tare ba za ka san abin da ya yi aiki ba. Ka yi gwaje-gwajen nan uku, ka gyara mazaunin rauta, ka zaɓi zangon da ya dace, ka rage inganci idan ya kama. Sai waɗannan sun gaza sannan ka sa hannu a aljihu, kuma duk mai sayarwar da ya miƙo maka sabuwar na'ura bai tambaye ka inda matsalar take ba, ka riƙe kuɗinka.